Wai mu Hausawan Sudan da me muka yi karatu?

Malam, tambayarka ta iso, kuma ban ji haushi ba duk da dai yadda ka jero ta akwai ɗan yaji a ciki. Ka ce wai mu da ke Sudan muna da makarantar allo kuwa ko tun da muna cikin Larabawa ba mu buƙatarta, sannan ka ƙara da cewa ka lura yawancinmu in mun tashi rubutu da Larabci muke yi, in ma mun gwada Hausa sai ka ga abin a karkace, to anya akwai sauran Hausa a jikinmu. Ni malamin makaranta ne, ustaz kamar yadda ake ce mana a nan, lissafi nake koyarwa, don haka ta ɓangaren da na sani zan ba ka amsa, wato da me aka koyar da mu kuma wa ke riƙe da abin koyarwar. In ka kama bakin zaren daga nan za ka ga inda Hausar ta tsaya da ƙafarta da inda ta suɓuce mana.

Allo kam muna da shi, kuma ba aro muka yi ba, a ka aka ɗauko shi. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso yana gardi, ya biyo malaminsu da niyyar Makka, a ƙasa, ta Maiduguri da Fallomi da Abeshe har Jinaina da Fashir da Ubayyid, ana tafiya ana tsayawa a yi noma a samu guzuri a ƙara gaba. Da suka iso bakin kogin Nil Azrak sai suka tarar mutanenmu sun riga sun yi gari, don tun bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yo gabas, garin da suka kafa kusa da Sinnar har yau sunansa yake ci. Ga kuma aikin auduga, an gama dam ɗin Sinnar a 1925 gonakin Jazira suna neman hannu ruwa a jallo. Sai zama ya kama. Makkan ya je daga baya amma nan ya dawo, nan aka binne shi.

Abin da na lura mutanen gida ba su cika sani ba shi ne 'yan ƙasar nan ma da allo suka tashi. Halwa suke ce wa tasu makarantar, malamin faki, almajiran hiran, kuma in ka shiga ba za ka ji baƙunta ba ko kaɗan, allon katako ne da alƙalamin kara da tawadar baƙin tukunya da ƙaro, a wanke allo da safe a shafa masa farar ƙasa a shanya a rana. Da dare a hura wuta a tsakar fili yara su kewaye ta kowa na ɗaga murya da nasa karatun, ita ce tugaba, akwai ma wani masid, wato babbar halwa, a Um Dawwan Ban gabas da Hartum da ake cewa tun zamanin Shehu Ubaid wad Badr wutarsu ba ta mutu ba, sama da shekara 150 ke nan. Akwai Hamishkoreb can wajen Kasala inda har mata ke da nasu halwoyin. Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne ramya, faki ya zauna yara goma ko fiye su zagaye shi kowa da allonsa kowa surarsa daban, wannan ya karanto ƙarshen abin da ya rubuta faki ya jefa masa ayar gaba, ya juya ga wancan ya jefa masa tasa, ba Alƙur'ani a hannunsa, duk da ka. Na san gwanayen Barno da Haɗeja ba za su ga wannan wani abin mamaki ba, amma dai ka ga ba wurin jahilai muka sauka ba.

To duk da wannan kamar da ke akwai, kakanninmu ba su miƙa 'ya'yansu ga faki ba, tasu suka buɗe a ƙofar gida. Mu da ruwayar Warshu muka zo, su a tsakiyar Sudan ruwayar Duri suke karantawa, sannan rubutunmu irin naku ne mai kauri ɗin nan na Magaribi. Amma babban dalilin shi ne bakin da ake koyarwar da shi. Ni da nake maka maganar nan a wani ƙauye kusa da Sinnar aka haife ni, babana ma a nan aka haife shi, amma ranar da aka sa min allo a cinya abin da malam ya biya min shi ne ba, sin, mim ara, alu, lallan ha kuri. Na yi babbaƙu na yi farfaru, wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, duk yadda aka yi maka a Kano haka aka yi min a bakin Nil Azrak. Sai ranar da aka kai mu madrasa ta gwamnati muka san akwai wata duniya. Ustaz ya zana giwa a sabbura, wato baƙin allon aji, da alli, ya rubuta sunanta da Larabci a ƙasa, fil, ya ce mu karanta. Mu 'yan allo da muke ganin mun riga kowa iya karatu muka haɗa baki muka ce ƙil, don a wurinmu ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, fa ɗigonta a ƙasa yake. Mutumin nan ya ɗauka shaƙiyanci muke masa, ya bi mu da tsumagiya layi guda. Daga nan muka shiga uku, da asuba malam ya make ka in ka sa ɗigon a sama, da hantsi ustaz ya make ka in ka sa shi a ƙasa, yaro ɗan shekara bakwai sai da ya koyi riƙe hannu biyu na rubutu, kuma wallahi mun riƙe.

Bayan sauka kuma sai zaure. A nan ne ma Hausa ta fi samun wurin zama, don Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala duk yadda kuka sani ake yin su, ɗalibi ya karanta guntun Larabci malam ya mayar da Hausa, ya ƙara guntu malam ya mayar, har shafi ya ƙare. Abin dariyar shi ne ɗalibin nan a kasuwar Sinnar da Larabci yake ciniki, wani ma ya fi malamin iya Larabcin titi, amma ba wanda ya taɓa cewa a daina fassarar, ana ganin karatun da ba a mayar da Hausa ba bai shiga ciki ba. Tsofaffinmu kuma wasiƙunsu da lissafin bashinsu da ajami suke yi, akwai wata jakar fata ta kakana a wurin gwaggona cike da irin waɗannan takardu.

Kar ka ce ina wanke allo da halwa tas. A 2020 BBC ta fitar da wani bincike da ya nuna yara cikin mari a wasu halwoyin ƙasar nan ana dukansu kamar ba 'ya'yan mutane ba, mun gani mun ji kunya, ku ma a 2019 an bankaɗo irin waɗannan gidaje a Kaduna. Wannan ciwon namu ne gaba ɗaya.

Sabbura da alli kuwa Ingilishi ne ya yaɗa su. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 da 'ya'yansa da na maƙwabta, a bakin kogin nan namu. Akwai lokacin da gwamnati ta riƙa ba wasu fakai ɗan albashi don su haɗa lissafi da karatun halwa, abin bai yi wani armashi ba. Wurin da ya canza yadda ake koyarwa da gaske shi ne Bahtar Ruda, makarantar horar da malamai da wani Bature mai suna Griffiths ya jagoranci kafawa a 1934 kusa da Duwem a bakin Nil Abyad. Da gangan aka kai ta ƙauye, wai kar malami ya saba da birni ya raina karkara. Tsarinsu shi ne ba a fitar da darasi sai an gwada shi a kan yara a makarantar da ke jikin wurin, a gyara a sake gwadawa, sannan a buga a raba wa malamai duk ƙasa da bayanin yadda za su yi shi.

A gidanmu baffana ne ya fara shiga madrasa, shi ma don ya cika ƙiriniya ne kaka ya ce a kai shi can su ƙarata. Har ya tsufa in yana ba da labarin darasin jugurafiya na aji uku sai ya miƙe tsaye. Ya ce ustaz fito da su yake tsakar makaranta, a zana taswirar Sudan a ƙasa da toka, a ja ɗan rami a zuba ruwa ya zama kogi, sai yara su jeru kowa ya riƙe rigar na gabansa sun zama jirgin ƙasa, na gaba yana busa, wai za su ziyarar aboki. Abokai tara ne a sassan ƙasar, kuma mutane ne na gaske da malaman Bahtar Ruda suka je har gidajensu suka ga yadda suke rayuwa. Akwai na Golid a arewa mai dabino, akwai na Babanusa wurin masu shanu, akwai na Yambiyo can kudu, na Atbara garin jirgin ƙasa, na Umdurman, na Wad Sulfab a Jazira manomin auduga. In an isa sai ustaz ya fito da hotuna, wani lokaci har da ɗan abin da ake ci a can, a zauna a yi gaisuwa kamar da gaske. Ni a matsayina na malami har gobe ban ga dabarar da ta fi wannan ba, ba lantarki ba na'ura, toka ce da ruwan buta, amma tsoho ɗan shekara saba'in bai manta garin ko ɗaya ba. Sai dai baffa kullum in ya gama jero su da abu ɗaya yake rufewa, ya ce tara cif, ba Bahaushe ko ɗaya, alhali audugar Jazirar da ake koya musu hannun uwarsa na cikin masu cirarta.

A nan zan ɗan yi maka gori, ka yi haƙuri. Baturen nan Hanns Vischer da kuke ce wa Ɗan Hausa, kafin ya kafa makarantarsa ta Nasarawa a Kano sai da ya zo Sudan da Masar a 1909 ya duba yadda ake yi. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama makarantar koyon Larabci a 1947, shehunan Sudan aka ɗauko suka koyar a cikinta. Malam Abubakar Gumi a Bahtar Rudan nan ya zo ya yi karatu a tsakiyar shekarun 1950. Har zuwa ɓarkewar yaƙin 2023 'ya'yanku cike suke da Jami'ar Afirka a Hartum. To ka ga hanyar ba ta taɓa zama mai zuwa kawai ba. Bambancin da ya raba mu shi ne ku da sabbura ta zo muku da Hausa ta zo, aka rubuta ta da boko, aka buga littattafai a Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka yi Yaƙi da Jahilci manya suka zauna a gindin bishiya suna koyon a ba ca da da harshensu. Mu tamu sabburar da Larabci ta zo, Turanci ya biyo daga baya a matsayin darasi. Ban taɓa shiga ajin da aka rubuta kalmar Hausa ɗaya a jikin sabbura ba, ko ina ɗalibi ko ina malami. To mutumin da ba a taɓa nuna masa ƙ mai lanƙwasa ba ka ce don ya rubuta karkatacciyar Hausa ya daina zama Bahaushe, ai ba a yi masa adalci ba. Ka kira shi a waya ka ji bakinsa tukuna.

Kuma ba ƙin karatu kawai ya sa tsofaffinmu suka ja baya da madrasa ba, ko da yake akwai wannan, suna cewa makarantar Nasara ce kamar yadda naku suka ce. Akwai maganar jinsiyya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai in kai ko iyayenka maza kuna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, ka lissafa ka gani, waɗanda suka zo bayan Burmi ma 'yan shekaru kaɗan suka hana su, balle irin kakana. Daga baya an sassauta dokar, amma halin mutane bai sassauta da wuri ba. Yaro ya yi karatu ya ci jarrabawa, a zo wurin takarda a wani ofis a dube shi a ce Fallata ne, wato baƙon Afirka ta Yamma, je ka kawo shaidu, kawo umda mai garinku, kawo kakan kakanka. Uba yana ganin haka sai ya ce to me ya yi zafi, zo mu tafi gonar riɗi. Baffan nan nawa mai jugurafiya a nan nasa karatun ya tsaya, ya ƙare yana ɗinki a kasuwa.

Sai maganar aure da ka soko a ƙarshe, wai ko auratayya ce ta narkar da mu. Malam, da ka san yadda abin yake da ba ka faɗi haka ba. Shekara da shekaru su ba su ba mu 'ya'yansu, mu ma tsofaffinmu ba su nema, kowa na ganin ya fi wani asali. Tsoron auren nan ma shi ya hana 'yan matanmu karatu, uba yana cewa in ta shiga madrasa harshenta zai juye, gobe ta kawo masa wanda bai san gidansu ba. Innata ko ƙofar madrasa ba ta taka ba amma ta yi allo har ta sauke. Yayata an bar ta ta gama firamare aka ce ya isa haka, har yau in muka yi faɗa sai ta ce min ai ta fi ni ƙwaƙwalwa, gata kawai na fi ta, kuma ba na iya musa mata. Yanzu kam abin ya canza, kuma makaranta ce ta canza shi, ba na ɓoye maka. Ƙanena a jami'a ya haɗu da matarsa, 'yar wani ƙauye ce a Jazira, Balarabiya. Danginta sai da suka yi ta jan ƙafa suna binciken asali, a namu ɓangaren kuma Inna ta yi kwana da kwanaki tana mita wai wa zai riƙa taya ta hira. An dai yi. 'Ya'yansu Larabci ne a bakinsu, Hausa suna ji sarai amma in ka yi musu sai su mayar maka da Larabci, wannan yana damuna ba zan ce ba ya damuna ba. Amma da suka isa shiga allo wurin malamin unguwarmu aka kai su, kuma uwar ce ke zaunar da su da yamma tana bin su biya, na taɓa shiga gidan na ji ta tana cewa lallan ha kuri da bakinta na Larabawa sai da na koma waje na yi dariyata. To wa ya narkar da wa? Ku ma ai a Kano kuna auren Barebari da Nufawa da Yarabawa ba wanda ya ce kun tashi daga Hausawa.

Mu a zamaninmu an riga an canza tsarin shekarun firamare da na gaba da ita, a 1970 lokacin Numeri aka tashi daga huɗu huɗu huɗu aka koma shida uku uku, da Bashir ya zo aka mayar takwas da uku, bayan faɗuwarsa aka sake komawa shida uku uku. Abin kamar mai ɗakin da kullum yake matsar da gado amma rufin na nan yana yoyo, don a ajin ƙauye ba abin da ya canza sai ma raguwa, yara saba'in ko tamanin, littafi ɗaya mutum uku ko huɗu, alli wani lokaci da kuɗin aljihunka za ka saya, dabarun Bahtar Ruda duk sun tafi sai hadda da maimaitawa. Ni abin da na gani da idona shi ne yaron ƙauyen Hausawa yana shiga aji ɗaya da Larabci kaɗan, sai a ce daƙiƙi ne. Yaron da ke sayar wa uwarsa ƙosai yana ba da canji ba kuskure, shi ne wai bai iya ɗebewa ba. In na ga sun yi zuru sai in rufe ƙofa in ce da Hausa, kai, goma sha uku za ka cire bakwai, uku ba ta isa ba je ka maƙwabta ka ci bashin goma, nan take sai ka ga hannuwa sun tashi. In mai duba malamai ya zo kuma sai mu koma Larabci tsantsa, yaran ma sun san dokar ba sai na faɗa musu ba.

Hausar gida kuwa ta kunne ta riƙa dawo mana. Babana yana da rediyo mai gajeren zango da ya ɗinka wa riga, da asuba da dare yana murɗa shi yana neman BBC da Jamus da Muryar Amurka, maƙwabta su taru, daga nan muka san sunayen garuruwan da ba mu taɓa gani ba. Sai kaset. Kaset kam ya yi mana aiki ba kaɗan ba, alhazai da 'yan kasuwa suna kawo na wa'azi da tafsiri da waƙa, kuma da shi ake aika saƙo, a tara gida kowa ya yi magana a ciki a ba matafiyi ya kai Haɗeja, bayan watanni amsa ta zo. Na tuna Inna tana sa kaset ɗin wata tsohuwa da ba ta taɓa gani ba wai ƙanwar kaka ce, tana juya shi har zaren ya tsinke muka liƙa da jan farce. Sai dai kaset bai zo hannu sake ba, shi da bugaggun Alƙur'anai na Madina su suka shigo da Hafsu gida gida, yara suka fara kwaikwayon ƙira'ar Makka da Masar, Warshun kakanni ta ja baya, Durin 'yan ƙasa ma ta ji a jikinta. Daga baya faifan fim ɗin Kano ya zo, matanmu suka koyi Hausar birni har da yanga. In ka ji budurwa a Gadarif tana magana kamar 'yar Fagge to daga nan ta samo.

Kafin yaƙi an kawo wani shiri a wasu ƙauyukan Gadarif da Nil Abyad da Kurdufan ta Arewa, ƙungiyar War Child da Jami'ar Ahfad da ma'aikatar ilimi suka haɗa, ana ba yaran da ba su da makaranta kwamfutar hannu da ake caji da hasken rana, lissafi a cikin wasa, yaro yana ci yana wucewa gaba ba malami a kansa. Abin ya yi kyau kuma yara sun koya, amma muryar da ke cikin na'urar da Larabci take magana, ka ga an sake komawa gidan jiya. Wayar hannu ce kaɗai abin da ya zo bai zaɓa mana harshe ba. Ni rubutun nan da kake karantawa ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, a Facebook da WhatsApp na tsince shi, ina da baƙaƙen Turanci na makaranta, ina ganin yadda kuke rubutawa ina kwaikwaya, shafukan labarai na Hausa su suka gyara min sauran. Kuma hanyar nan ma mai zuwa da dawowa ce, na ga yadda kuka rungumi karatun marigayi Shehu Nuren Muhammad Siddiƙ da ya rasu a haɗarin mota a 2020, ɗan halwa ne fa, da allo ya tashi.

Shekarun nan ba su yi mana daɗi ba. A Yulin 2022 aka yi rikicin Nil Azrak wajen Damazin da Rusairis aka kashe mana mutane, a Oktoba aka sake, kuma tushen maganar dai ita ce wai mu baƙi ne ba mu da ƙasa. Ka ga a nan ana kashe mu don mu Hausawa ne, a can kuna tambaya ko mu Hausawa ne, wannan ne yajin da na ce na ji. Sai ga yaƙin 15 ga Afrilu 2023, makarantu suka rufe, UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba su zuwa aji. Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja a tsakiyar 2024, mu ma muka kwashi yara muka yo Gadarif, makarantun da ya kamata mu koyar a ciki su suka zama wurin kwanan 'yan gudun hijira. Masu shahada, wato jarrabawar gama sakandare, na 2023 sai ƙarshen Disamban 2024 suka zauna jarrabawa. A tsakanin nan da waya muka riƙe su, in warware lissafi a takarda in ɗauki hoto in bi shi da saƙon murya, in intanet ta ɗauke kamar yadda ta yi a Fabrairun 2024 sai a je wurin masu Starlink a biya kuɗin awa a sauke darasin mako guda. Kuma tun da ba mai duba malamai a cikin waya, 'yan unguwarmu da Hausa nake musu bayanin, wasu a nan suka fara gane abin da ya shige musu duhu tun aji biyar.

Abin da ya rage mana shi ne rubutun. Yaranmu suna so su iya, suna jin kunyar yadda kuke musu dariya in sun yi kuskure, amma duk darasin koyon rubutun Hausa da na ci karo da shi a waya ko dai da Turanci ake bayanin ko an ɗauka ka riga ka yi firamare a Najeriya. Da ajami kuke yi da a kwana biyu sun ƙware don baƙaƙen Larabci a hannunsu suke, to ku ne kuka sake shi, har daga jikin ƙananan takardun naira aka cire shi a 2007. Saboda haka in ka san wani malamin Hausa a Kano ko Zariya ko Sakkwato da ya iya Larabci, wanda zai iya zama ya yi gajerun darussa yana nuna baƙin boko yana bayani da Larabci, musamman masu lanƙwasan nan da inda ake raba kalma, ka haɗa mu. Ɗalibai kam ina da su a Gadarif da Kasala da Sinnar, yawancinsu ma mata ne, yayata ta ce a fara rubuta sunanta.